Kwaikwayon tsare-tsare da kwamfuta: Wace manhaja ce abin dogaro?

Kafin a gina madatsar ruwa, ko a harba kumbo sararin samaniya, ko gwamnati ta ba da umarnin kulle gari saboda annoba, akan fara gwada lamarin ne a cikin kwamfuta. Manhajojin da ke wannan aiki suna da yawa, kuma binciken da aka yi ta gudanarwa tun shekarun 1980 ya nuna cewa ba kullum suke ba da amsa ɗaya ba, ko da kuwa tambaya ɗaya aka yi musu.

A shekarar 1994 ne wasu masana biyu a Birtaniya, Les Hatton da Andy Roberts, suka wallafa sakamakon wani gwaji da har yanzu ake kafa hujja da shi. Kamfanonin mai kan aika ƙara zuwa ƙarƙashin teku, su naɗi amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsu, sannan manhaja ta sarrafa ta, ta fitar da hoton abin da ke can ƙasa. Da wannan hoto ake yanke shawarar inda za a haƙa rijiya, aikin da kan lashe miliyoyin daloli.

Masanan biyu sun ɗauki bayanai iri ɗaya daga Tekun Arewa, suka sa aka bi da su ta cikin manhajoji tara da kamfanoni dabam-dabam suka rubuta, kowanne da kansa. Hanyoyin lissafin da aka bi sanannu ne da aka riga aka wallafa, kuma harshen kwamfutar da aka yi rubutun da shi ɗaya ne, wato Fortran. A matakin farko amsoshin sun dace da juna har zuwa lamba ta shida. Amma da aka ci gaba da bin matakan sarrafawar ɗaya bayan ɗaya, sai saɓani ya riƙa ƙaruwa, har a ƙarshe ya zamanto lamba ɗaya ko biyu na farko kaɗai ne suka yi daidai. Masanan sun ƙiyasta cewa saɓanin na ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari a duk layuka 4,000 na rubutun manhaja.

Babu ɗaya daga cikin manhajojin tara da ta tsaya ko ta nuna alamar matsala. Kowacce ta fitar da hoto mai kyan gani wanda masanin duwatsu zai karɓa ba tare da tantama ba. Sai da aka jera su gefe da gefe ne aka gane akwai lauje cikin naɗi, kuma da aka mayar wa wasu kamfanonin da sakamakon, sun binciko kurakurai a rubutunsu, suka gyara, saɓanin kuma ya ragu.

Mene ne kwaikwayon tsari?

Abin da masana ke nufi da tsari shi ne duk wani abu mai sassa da yawa da ke shafar juna, kamar kogi da madatsarsa da gonakin da ke shan ruwansa, ko injin jirgin sama, ko kasuwar hatsi, ko yanayin duniya baki ɗaya. Idan aka bayyana alaƙar waɗannan sassa da harshen lissafi, an samar da samfuri ke nan. Ita kuwa manhaja ita ce kayan aikin da ke ɗaukar samfurin ta tafiyar da shi cikin lokaci, ta nuna abin da zai faru bayan awa guda ko bayan shekaru ɗari. Bambanta samfuri da manhaja na da muhimmanci, domin yawancin gardamar da ake yi a kan amincin waɗannan kayan aiki ta samo asali ne daga cakuɗa su biyun.

Ɗaya daga cikin rassan wannan fanni ya faro ne a cibiyar fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka, a hannun Jay Forrester cikin shekarun 1950. Manajojin kamfanin General Electric sun rasa dalilin da ya sa masana'antunsu na kayan gida a jihar Kentucky ke ɗaukar ma'aikata da yawa, sannan bayan wani lokaci su sallame su, abin na maimaita kansa kusan duk shekaru uku. Forrester ya kwaikwayi harkar da fensir da takarda, ya nuna cewa hawa da saukar na fitowa ne daga yadda kamfanin kansa ke yanke shawara kan ɗaukar ma'aikata da ajiyar kaya, ko da kasuwa ba ta motsa sosai ba.

A 1959 Phyllis Fox da Alexander Pugh suka rubuta DYNAMO, harshen kwamfutar da ya zama ginshiƙin wannan reshe na kusan shekaru talatin. Da shi ne aka gina samfurin World3, wanda ya haɗa yawan jama'a da abinci da masana'antu da gurɓatar muhalli da ma'adinai, kuma a kansa ne aka dogara wajen rubuta rahoton nan na ƙungiyar Club of Rome da ya tayar da ƙura a 1972 kan iyakar bunƙasar tattalin arziki. A 1985 Barry Richmond ya fito da STELLA, wadda ta bai wa mutum damar zana samfuri da hotunan tankuna da bututu a maimakon rubuta layukan umarni. Vensim da Powersim sun biyo baya. A ɓangaren injiniyoyi kuma akwai Simulink ta kamfanin MathWorks, da harshen Modelica da aka fitar da sigarsa ta farko a 1997, da manhajojin lissafin ƙarfin gine-gine irin su NASTRAN, wadda hukumar NASA ta ɗauki nauyin samar da ita a ƙarshen shekarun 1960.

An sake rubuta World3 a STELLA da Vensim da wasu harsunan, kuma siffar sakamakon ba ta sauya ba. Masanan jami'ar Sussex da suka yi masa kakkausar suka a 1973 sun fi mayar da hankali ne kan abubuwan da masu samfurin suka ɗauka game da yawan ma'adinai da ci gaban fasaha. Wannan gardama ce ta samfuri, kuma babu wata manhaja da za ta iya raba ta.

Kwamfuta ba ta lissafi yadda ake zato

Kuskure na farko yakan shiga ne tun daga yadda kwamfuta ke tafiyar da lokaci. Abubuwan duniya suna sauyawa ne ba tare da yankewa ba, ita kuwa kwamfuta taki-taki take tafiya.

A ce akwai ƙwayoyin cuta 100 a cikin kwalba, kuma saurin hayayyafarsu a kowane lokaci daidai yake da kashi ɗari cikin ɗari na yawansu a awa guda. Idan manhaja ta bi hanya mafi sauƙi, wadda ake dangantawa da masanin lissafin nan Leonhard Euler, ta yi taki ɗaya na awa guda, amsarta 200 ce. Idan ta raba awar gida biyu za ta samu 150 a rabin farko, sannan 225 a ƙarshe. Gida huɗu zai ba da 244, taki na minti-minti kuma kusan 270. Amsar gaskiya tana dab da 272. Wata hanyar da masanan Jamus Carl Runge da Wilhelm Kutta suka samar wajajen shekarar 1900 tana ba da 271 da taki ɗaya tak.

Ke nan mutane biyu za su iya zuba samfuri ɗaya a manhajoji biyu, su samu 200 da 271, alhali babu wadda ta lalace a cikinsu. Bambancin yana cikin hanyar lissafi da tsawon takin da kowace manhaja ta zaɓa wa mai amfani da ita idan bai zaɓa da kansa ba. Saboda haka ne tun zamanin DYNAMO ake koya wa ɗalibai su rage tsawon takin da rabi su sake gwadawa: idan amsar ta motsa sosai, to ba a kai ga amsa ba tukuna.

Akwai kuma tsare-tsaren da ɗan ƙanƙanin bambanci ke girma a cikinsu har ya mamaye komai. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a MIT, ya so ya maimaita wani kwaikwayo daga tsakiya, sai ya shigar da lambar da injin ya buga a takarda, wato 0.506, alhali abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin 0.506127 ne. Bayan kwatankwacin watanni biyu na yanayin da ake kwaikwaya, sakamakon biyu ba su da wata kama da juna. A irin wannan tsari, kwatanta manhajoji lamba da lamba ba shi da amfani. Abin da ake kwatantawa shi ne matsakaici da yawan aukuwar abubuwa. Tun 1992 ne manyan cibiyoyin hasashen yanayi na Turai da Amurka suka fara tafiyar da samfurinsu sau da yawa a lokaci guda, da ɗan sauyi a farkon kowanne, domin su ga faɗin abin da ka iya faruwa.

Kurakuran rubutu, da matsalar yin kuskure tare

A watan Maris na 1979 hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka ta ba da umarnin rufe injinan samar da wuta na nukiliya guda biyar a gabashin ƙasar. An gano cewa manhajar da aka yi amfani da ita wajen lissafa ko bututansu za su jure girgizar ƙasa tana haɗa ƙarfin da ke zuwa daga ɓangarori dabam-dabam ta yadda wani ke soke wani, abin da ya sa nauyin da ke kan bututun ya fito ƙasa da yadda yake. Tashoshin sun yi shekaru suna aiki kafin a lura, kuma da yake manhaja ɗaya ce aka yi amfani da ita, kuskuren ya shiga dukkansu.

Maganin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a sa tawagogi dabam-dabam su rubuta manhajar, sannan a bi amsar da mafi rinjaye suka bayar. John Knight na jami'ar Virginia da Nancy Leveson ta jami'ar California a Irvine sun gwada wannan tunani, suka wallafa sakamakon a 1986. Sun bai wa ɗalibai masu rubuta manhaja a jami'o'in biyu bayanin aiki iri ɗaya, aka samu manhajoji 27, kowacce aka yi mata gwaji miliyan ɗaya. Yawancinsu sun yi daidai a fiye da kashi 99 cikin ɗari na gwaje-gwajen. Sai dai a gwaje-gwaje 1,255 an samu biyu ko fiye sun faɗi a tambaya ɗaya, har sau biyu ma aka samu guda takwas sun faɗi tare. Wannan adadi ya zarce abin da dace kawai zai haifar nesa ba kusa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin da ya yi wa wannan wahala shi ne ya yi wa wancan, kuma mutanen da suka yi karatu iri ɗaya sukan yi tuntuɓe da dutse ɗaya. Binciken Hatton ya nuna amfanin jera manhajoji don a ga inda suka saɓa, na Knight da Leveson kuma ya nuna cewa dacewarsu da juna ba ta isa shaidar cewa sun yi daidai ba.

Manhaja lafiya, amsa ba daidai ba

Asarar da ta fi girma a tarihin wannan fanni sau da yawa ba daga rubutun manhaja ta fito ba. A ranar 23 ga Agusta 1991 ana gwajin nutsar da gindin dandamalin haƙar iskar gas na Sleipner A a wani mashigin teku kusa da Stavanger a ƙasar Norway. Ginin na kankare ne, mai ɗakuna 24 masu siffar ganga. Da ya kai zurfin kimanin mita 65 sai aka ji wata ƙara, bango ya tsage, ruwa ya shiga fiye da yadda famfuna za su iya fitarwa. Cikin ƙasa da mintuna 20 ginin ya nutse, kuma faɗuwarsa a ƙasan teku ta sa na'urorin auna girgizar ƙasa sun nuna maki 3 a ma'aunin Richter. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar da kimanin dala miliyan 700.

An yi lissafin ginin ne da NASTRAN, manhajar da aka daɗe ana dogaro da ita a harkar jiragen sama da kumbo. Irin waɗannan manhajoji suna yanyanka gini zuwa ƙananan gutsattsari kamar idanun raga, su lissafa nauyin da ke kan kowanne. A kusurwoyin da ɗakuna uku ke haɗuwa, ragar da aka zana ta yi manyan idanu masu karkatacciyar siffa, sakamakon haka ƙarfin da ke neman tsaga bangon ya fito ƙasa da gaskiya da kashi 47 cikin ɗari, rodin da aka sa a wurin kuma bai wadatar ba. Da aka sake lissafin da kyau bayan hatsarin, ya nuna ginin zai tsage a zurfin mita 62, wanda ya yi kusa ainun da abin da ya faru. Wajen zana ginin da ya maye gurbinsa an dogara sosai da lissafin hannu, kuma an fara fitar da iskar gas daga filin a 1993.

Hatsarin kumbon Columbia ya nuna wata fuskar matsalar. Lokacin harba shi a watan Janairun 2003 wani ɓallin soson da ke rufe tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Injiniyoyi sun auna illar da wata manhaja mai suna Crater, wadda aka daidaita ta da gwaje-gwajen ƙananan gutsattsari. Ɓallin da ya bugi kumbon ya ninka mafi girman waɗanda aka gwada kimanin sau 400. Manhajar ta nuna ɓarna mai zurfi, amma da yake an san ta da zuzuta illa, sai aka rage wa amsarta nauyi. A ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse yayin dawowa, 'yan sama jannati bakwai suka rasu. A 2008 NASA ta fitar da wata ƙa'ida da ta wajabta bayyana iyakar da aka gwada kowane samfuri a kanta a duk lokacin da za a miƙa sakamakonsa ga masu yanke shawara.

Yadda ake kwatanta su

Masu wannan aiki sukan raba tambayar gida biyu. Ta farko, shin manhajar ta warware lissafin da aka ba ta daidai? Ta biyu, shin lissafin da aka ba ta ya yi daidai da abin da ke faruwa a zahiri? Ta farkon ana iya amsa ta a ofis, ta hanyar ba manhajar tambayoyin da aka riga aka san amsarsu. Ƙungiyar NAFEMS da aka kafa a Birtaniya a 1983 ta tara irin waɗannan tambayoyi ga manhajojin lissafin gine-gine. Ta biyun kuwa tilas sai an fita an yi awo, abin da ke cin kuɗi da lokaci, wani sa'in ma ba ya yiwuwa, domin babu wanda ke da duniya ta biyu da zai gwada ɗumamar yanayi a kanta.

Fannin da ya fi tsara wannan kwatance da kyau shi ne na lissafin zafi da sanyin gidaje. A 1995 Ron Judkoff da Joel Neymark na cibiyar binciken makamashi da ke jihar Colorado suka fitar da jerin gwaje-gwaje mai suna BESTEST. Ana fara shi ne da ɗaki guda mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6, a yanayin birnin Denver, sannan a riƙa sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji: a mayar da tagogi gabas da yamma, a sa rumfa, a ƙara kaurin bango. Idan wata manhaja ta kauce wa sauran a gwaji na kaza, an san ɓangaren da za a bincika. Ta wannan hanya an gano kurakurai a manhajoji da dama da suka yi suna, kuma a 2001 aka mayar da gwajin ƙa'ida ta ƙungiyar injiniyoyin sanyaya da ɗumama gine-gine ta Amurka. Su kansu masu gwajin sun yi gargaɗin cewa faɗawa cikin sahun sauran manhajoji ba ya nufin an yi daidai.

Wani abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu shi ne kowace manhaja da irin fayil ɗinta, ta yadda ɗaukar samfuri daga wannan zuwa waccan na nufin sake rubuta shi da hannu, da sababbin kurakurai. Ƙa'idar FMI da masana'antar motoci ta Turai ta jagoranci samarwa a 2010, da XMILE da aka amince da ita a 2015 ga manhajoji irin su STELLA, sun sauƙaƙa wannan.

Annobar korona ta fito da batun fili. A ranar 16 ga Maris 2020 tawagar Neil Ferguson ta kwalejin Imperial da ke London ta yi hasashen mutuwar mutane kimanin 510,000 a Birtaniya da miliyan 2.2 a Amurka idan ba a ɗauki wani mataki ba ko kaɗan. Mako guda bayan haka Birtaniya ta shiga kulle. Ferguson ya bayyana cewa ya rubuta manhajar ne fiye da shekaru 13 kafin nan domin annobar mura, dubban layuka ba tare da rubutaccen bayani ba. Da aka saki wata sigarta da aka gyara, ƙwararrun masu rubuta manhaja sun yi mata ca. Amma a watan Yuni Stephen Eglen na jami'ar Cambridge ya sake tafiyar da ita, ya samu sakamakon da ya yi kusa da na rahoton.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Peter Coveney ta jami'ar UCL ta duba alƙaluma 940 da ake iya saitawa a cikin samfurin, ta ware 19 da suka fi tasiri, ta kuma nuna cewa rashin tabbas a cikinsu kan ninku kimanin sau uku kafin ya kai ga adadin mace-macen da ake hasashe. Rubutun manhajar da aka yi ta hayaniya a kansa bai kai wannan muhimmanci ba.

Damina a yankin Sahel

Kwatance mafi girma a duniya shi ne na samfuran yanayi. Shirin CMIP da aka fara a 1995 yana sa cibiyoyin bincike na ƙasashe da dama su tafiyar da gwaje-gwaje iri ɗaya, su zuba sakamakon a rumbu guda da kowa zai iya dubawa. A kansa ne rahotannin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya ke dogara. Samfuran duka sun yarda cewa ƙaruwar iskar kabon na ɗumama duniya, amma sun saɓa kan gwargwadon ɗumamar. A zagaye na shida na shirin, amsoshinsu kan yadda zafi zai ƙaru idan iskar ta ninka sun kama daga digiri 1.8 zuwa 5.6 a ma'aunin Celsius. A rahotonsa na 2021 kwamitin bai ɗauki matsakaicinsu kai tsaye ba. Ya haɗa da awon da aka yi a zahiri da shaidar yanayin zamanin da, ya tsaya kan digiri 2.5 zuwa 4.

Matsalar da Knight da Leveson suka gano tana nan ma. Reto Knutti na Zurich da abokan aikinsa sun bi salsalar samfuran, suka nuna cewa da yawansu 'yan uwan juna ne, sun gaji sassan rubutu daga tushe ɗaya. Samfura arba'in da suka yarda da juna ba shaidu arba'in masu zaman kansu ba ne.

Ruwan sama a Sahel na daga cikin wuraren da saɓanin ya fi tsanani. Bayan farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, an daɗe ana ɗora laifin kan yawan kiwo da sare itatuwa, kafin binciken Chris Folland da abokan aikinsa a 1986, da na Alessandra Giannini a 2003, su nuna cewa sauyin zafin tekuna ne ya fi taka rawa. A 2005 Isaac Held da tawagarsa a cibiyar GFDL ta Princeton suka ba da rahoton cewa samfurinsu ya kwaikwayi farin ƙarni na 20 da kyau, kuma yana hasashen bushewa mai tsanani a ƙarni na 21. Wani samfurin Japan mai suna MIROC, wanda shi ma bai yi laifi ba wajen kwaikwayon daminar Afirka ta Yamma, ya yi hasashen ƙaruwar ruwa sosai. Iya kwaikwayon abin da ya wuce bai raba gardamar abin da ke tafe ba, kuma rahoton IPCC na 2007 ya bar batun a buɗe.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne girman idanun ragar. Yawancin ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura da ke tasowa daga gabas suna nausawa yamma, abin da kowane manomi a Katsina ko Maraɗi ya sani. Samfuran duniya kuwa suna raba sararin sama ne zuwa murabba'ai masu faɗin kilomita 100 ko fiye, ta yadda ba sa iya ganin haɗuwar hadari kai tsaye, sai dai kowanne ya ƙiyasta shi da dabararsa. Shirin bincike na AMMA ya tattara awo mai yawa a Yamai da arewacin Benin da Mali, musamman a daminar 2006, domin a samu abin da za a gwada samfuran da shi. Daga baya hukumar yanayi ta Birtaniya ta tafiyar da wani samfuri na nahiyar Afirka mai murabba'ai na kilomita 4.5, wanda ya nuna ruwa mai ƙarfi da kuma tsawon kwanakin rashin ruwa a tsakiyar damina fiye da yadda manyan samfuran ke nunawa. Rahoton 2021 ya karkata ga ƙaruwar ruwa a tsakiyar Sahel da raguwarsa a can yamma wajajen Senegal, da matsakaicin tabbaci.

Hasashen damina guda ɗaya aiki ne dabam da na ƙarni, amma shi ma da samfura da yawa ake yin sa. Tun 1998 masanan yanayi na ƙasashen Afirka ta Yamma ke taruwa kafin faɗuwar ruwa, tare da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, su jera abin da samfuran manyan cibiyoyin duniya suka nuna da abin da lissafinsu na gida ya bayar. Sanarwar da suke fitarwa kan yawan ruwa takan zo ne da kaso uku ga kowane yanki: yiwuwar ruwa ya zarce yadda aka saba, yiwuwar ya zo daidai, da yiwuwar ya gaza.